Shekara shida ina karatun safe, har yanzu ina ce wa mutane "ki dawo gobe"

Tela Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da shi a nan, ko Allah zai sa wani ya haska mini.

Ni tela ne, shagona yana Mabera a Sakkwato. Shekara shida ke nan ban fasa karatun safe ba, sai dai in ciwo ya kwantar da ni. Ƙarfe biyar nake tashi, daidai lokacin da masallatan unguwa ke kiran asuba, in kunna fitilar caji, in karanta sura uku, ran Lahadi biyar. Da wannan lissafin mutum ke gama surori 1,189 na Littafi Mai Tsarki a shekara guda, kuma na gama sau biyar. Bangon Littafina har ya ɓare, sai da na ɗinka masa riga da ragowar shadda.

Jiya da yamma wata mata ta zo karɓar ɗinkin bikin ƙanwarta. Atamfar tana cikin leda a ƙarƙashin tebur, ko almakashi ban sa mata ba. Na dube ta ido cikin ido na ce saura guga da zif, rashin wuta ne ya tsayar da ni, ta dawo gobe. Ta yi godiya, har tana ba ni haƙuri kan wahalar NEPA. Yaron shagona, wanda ni ne nake jan sa zuwa makarantar Lahadi, yana zaune yana jin mu. Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai kan keke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da safen ranar na karanta Afisawa sura 4, inda aka ce a yar da ƙarya, kowa ya faɗa wa maƙwabcinsa gaskiya. Har layi na ja a ƙarƙashin ayar da jan biro. Daren jiya ban runtsa ba.

Ana ce mana wanda ya lizimci Maganar Allah halinsa zai sāke. To ina tawa sākewar? Karatun ne ban iya ba, ko kuwa maganar ta wa'azi ce kawai? Don Allah kada a lallashe ni, a gaya mini gaskiya.

Maman Biyu:
Sannu ɗan'uwa. Allah ya saka maka da ka iya fitowa ka faɗa. Ina girki yanzu, zan dawo, amma na karanta har ƙarshe kuma jikina ya yi sanyi.

Ɗan Zuru Birkila:
Tunda ka ce kada a lallashe ka, to ni dai na daɗe da daina yarda cewa yawan karatu yana gyara mutum. Zan gaya maka dalili.

Shekara uku da suka wuce na yi wa wani dattijon ikilisiya gini, ɗaki biyu da falo, ni da leburori huɗu, cikin zafin watan Afrilu, wanda ya san Sakkwato ya san me nake nufi. Bulo kan ƙona hannu kafin sha ɗaya na safe. Mutumin nan in ya tsaya addu'a sai ya jero ayoyi goma ba ya duba takarda. Har yau ragowar kuɗinmu yana hannunsa. Ni na biya yaran daga aljihuna, na sayar da babur ɗina. Duk ranar da na je sai ya ce mu yi addu'a tukuna. Ba zan faɗi sunansa ko majami'arsa ba, amma ya san Littafin Firistoci 19:13, cewa kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, ya san Yakubu 5:4 fiye da ni.

Kuma kakata a ƙauye ba ta san ko baƙi ɗaya ba har ta rasu, amma ba ta taɓa cin ƙwandalar wani ba. Hali zanen dutse ne. Mai kirki in ya karanta ya ƙara kirki, mugu in ya karanta ya sami abin fakewa. Shaiɗan ma ai Zabura 91 ya jawo wa Yesu lokacin da ya gwada shi.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Tela, na gaishe ka. Ɗana Birkila, Allah shi huce zuciyarka, an zalunce ka, babu wata magana. Amma ku ba ni wuri in ba ku labarin mahaifina.

A Amanawa munka tashi, wajen Dange Shuni, inda mishan na SIM sunka riƙe asibitin masu kuturta. Mahaifina diresa ne, shi ke wanke gyambo yana ɗaure shi. Da girmansa yak koyi karatu, don haka da yatsa yake bi, baƙi bayan baƙi. Littafinsa tsohon juyin nan ne na 1932, wanda Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa sunka fassara, mai cewa Misalai inda naku na 1979 ke cewa Karin Magana, mai cewa Yohanna inda naku ke cewa Yahaya. Yana hannuna har yau, takardun sun koma kalar ƙasa.

Ban jin tsohon nan ya taɓa gama Littafin daga Farawa har ƙarshe ko sau ɗaya. Aya guda yake ɗauka da asuba, ya yi ta juya ta a baki yana tahiya wurin aiki, kamar yadda saniya ke tuƙa in ta kwanta da yamma. Shi ne abin da manyanmu ke kira bimbini. Da dare in munka zauna cin tuwo, ba ya tambayarmu mi munka karanta. Tambayarsa guda ce, mi kunka yi da ita yau? In ba ka da amsa, gobe ma ayar nan ce taka, ba a ba ka sabuwa.

An ce da can mutum ne mai zahin zuciya ƙwarai, har ya taɓa fasa wa wani kai a kasuwa. Ni ban san wannan mutumin ba. Wanda na sani, majinyaci ya taɓa tofa mishi miyau a fuska don zahin magani, ya goge da hannun riga ya ci gaba da ɗaurin. Don haka ɗana Birkila, dutsen ma ana sassaƙa shi, ido na ya gani.

Kai kuwa Tela, ga shawarata. Ka aje sura ukun nan na mako guda. Ka zauna kan Zabura 15, ayoyi biyar ce kacal. Aya ta huɗu tana maganar mutumin da ke cika alkawari ko da zai cutu. Sa'an nan ka kira matar nan daren yau, ba gobe ba.

Kuma ina da tambaya, kada ka ji haushi na. Ragowar shaddar da ka ɗinka wa Littafinka riga da ita, ta wa ce?

Tela Mabera:
Baba, na karanta tambayarka sau uku. Ta wani Alhaji ce da ke kawo mini ɗinki, ya ba da yadi goma aka yi babbar riga 'yar ciki da wando, abin da ya rage ban mayar ba. A sana'armu ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, kowane tela yana da buhun ƙyallaye. Shekara biyu ina buɗe Littafin nan kullum da hannuna a kanta, ban taɓa tunanin haka ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Ina neman afuwa, Baba, zan ɗan kauce kaɗan. Duk lokacin da aka tayar da zancen nan sai a koma kan ƙarfe biyar na asuba, kamar wanda bai tashi a lokacin ba ya yi ridda. Ni ƙarfe biyar ina tsaye a kan majinyaci ina canza ledar ruwa. In na dawo gida takwas na safe, ga yara ga wanki, idona kamar an zuba barkono. Na yi shekaru ina jin kaina mai laifi saboda wa'azin da aka gina kan rayuwar mutumin da matarsa ke dafa masa abin kari.

Abin da na koma yi, na sa Sabon Alkawari na murya a waya. A Keke Napep nake ji, tafiya da dawowa. Markus sura 16 ne, nakan maimaita shi har sai na san inda labari zai karya kwana. Kuma na ga aikinsa. Akwai daren da wani ɗan'uwan majinyaci ya zage ni tas a gaban mutane, har ya ambaci uwata. Amsar da ta dace da shi tana kan harshena, a da da na sake ta. Sai abin da na ji da safe ya faɗo mini, yadda Yesu ya ga taron mutane ya ji tausayinsu don suna kamar tumakin da ba makiyayi. Na dubi mutumin, ashe tsoro ne ke cin sa, ɗansa ne a kan gadon. Na kawo masa kujera.

Ba kullum nake cin nasara haka ba. Amma ina roƙo a daina auna ibada da agogo.

Malamin Lahadi:
'Yar'uwa Nas, kin yi gaskiya, kuma mu masu koyarwa laifin namu ne. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya fita da asussuba ya yi addu'a, amma ba a kafa shi doka ba. Abin da ake nema shi ne a sami wurin da Maganar ke shiga kullum, ba sai ranar da aka ji daɗi ba. Naki wurin Keke ne, kuma ya isa.

Ɗalibin Ɗanfodiyo:
Gaisuwa ga iyayena a zauren nan. Ni yaro ne, amma ina so in ƙara wani abu a kan maganar Baba, ko da ban yarda da rabinta ba.

Lambobin sura da aya da muke gani ba da su aka rubuta Littafin ba. A ƙarni na 13 aka yanka surori a Turai, ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani Bafaranshe mai buga littattafai ya sa musu lamba. Bulus wasiƙa ya rubuta wa mutanen Afisa, aka tsaya a gaban jama'a aka karanta ta daga gaisuwa har sallama. Gwada ka gani, Yaya Tela, ba za ta ci maka fiye da minti ashirin da biyar ba.

In ka karanta ta haka za ka ga surori uku na farko babu umarni sosai, duk labarin abin da Allah ya riga ya yi ne, cewa muna matattu ya rayar da mu, da alheri aka cece mu. Sai a sura ta huɗu ya juya ya ce to, ku yi zaman da ya dace da kiran nan. Ayar da ka ja wa layi ma da dalilinta a manne, wai don mu gaɓoɓin juna ne. Wato in ka yi wa matar nan ƙarya, kamar ido ne ya yi wa ƙafa ƙarya cewa babu rami a gaba. Ni sai da na ga wannan dalilin ayar ta kama ni. Kafin nan doka ce kawai a kan takarda.

Shi ya sa nake tsoron aya ɗaya ɗaya. Da ita ake yi mana wa'azin arziki, a tsinko rabin aya a ce ka shuka iri. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 an yabe su ne don suna bin diddigin Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus kansa ya faɗa haka yake. Wanda bai san Littafin da faɗinsa ba, da me zai auna?

Baba Mai Ritaya:
Madalla jikana, ka yi karatu. Ban ce shi bar karatun har abada ba, mako guda na ce. Wanda cikinsa ya kumbura ba a ƙara mishi tuwo, sai abin da ya ci ya narke. Amma maganarka kan masu tsinko rabin aya, na sa hannu.

Ɗan Zuru Birkila:
Duk na ji ku. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini. Dattijon da ya ci kuɗina yana bimbini, yana azumi, yana karanta wasiƙa daga farko har ƙarshe, duk abin da kuka lissafa yana yi. To me ya hana?

Sannan wani abu na damuna. In muka ce sai ka tashi kullum, sai ka haddace, sai ka yi kaza, ina alherin yake? Ba mun koma neman ceto da aikin hannunmu ba ke nan?

Malamin Lahadi:
Ɗan'uwa Birkila, tambayoyi biyu ka yi, kuma duka masu nauyi ne.

Ta farko Yesu da kansa ya amsa ta. A Yahaya 5:39 da 40 yana magana da mutanen da suka fi kowa nazari a zamaninsu, ya ce suna ta binciken Littattafai suna tsammanin a ciki za su sami rai, Littattafan kuwa shi suke shaida, amma sun ƙi zuwa wurinsa. Don haka abin da ka gani a wurin dattijon nan ba sabo ba ne, kuma bai ƙaryata Littafin ba, Littafin ne ma ya riga ya zana hotonsa. Yakubu ya ce mai ji ba ya aikatawa kamar wanda ya duba madubi ne, ya ga fuskarsa, ya juya ya manta. Akwai kuma wanda ke ɗaukar madubin yana haska fuskar wasu, tasa ba ya kallo. Na koyar da yara shekara goma sha huɗu, kuma na kama kaina sau da yawa ina karatu don in sami abin faɗa ran Lahadi, ba don a faɗa mini ba. Wannan shi ne ramin da mu masu tsayawa a gaba muka fi faɗawa.

Ta biyu kuma, je ka fadamar Kware ko Wurno da rani ka ga masu albasa. Babu manomin da ya taɓa sa albasa ta yi kai da ƙarfinsa. Amma duk safiya yana can yana tayar da inji, yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali. In ya ce ai Allah ne mai tsirarwa ya kwanta a gida, kwana kaɗan zai tarar da kara. Ban ruwan ba shi ne ran ba, amma ta nan ran ke bi. Zabura ta fari ma itacen da aka dasa a bakin rafi ta kira mai bimbini dare da rana, ta ce yana ba da 'ya'ya a kan kari, ba a ranar da aka dasa shi ba. Bulus ya ce wa Timoti ya hori kansa ga ibada, kalmar masu motsa jiki ya ɗauko. A Filibiyawa 2 kuma ya haɗa biyun a numfashi ɗaya, ku yi aikin cetonku da tsoro, gama Allah ne ke aiki a cikinku.

Tela, ka ce ba ka ga sākewa ba. Shekara shida da suka wuce, da ka ce wa mace ta dawo gobe, za ka kasa barci? Nawa ne a layinku suka faɗi irin wannan jiya suka yi minshari? Rashin barcin nan ba daga kai ya fito ba.

Ɗan Zuru Birkila:
Malam, misalin albasa ya shige ni, ban musa ba. Amma na ƙarshen nan ban karɓa ba. Rashin barcinsa bai ɗinka wa matar nan kaya ba. Mu Kirista mun iya nadama, mun iya hawaye a gaban bagadi, amma mayar da hakki ne ke mana wuya. Zakka mai karɓar haraji bai ce ransa ya ɓaci ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu. Ni in dattijon nan ya yi shekara yana kasa barci a kaina, babur ɗina bai dawo ba.

Malamin Lahadi:
Na karɓi gyara. Haka ne.

'Yar Katolika Gwiwa:
Abu ɗaya zan ƙara. Duk kuna magana kamar karatu na mutum ɗaya ne a ɗakinsa. A wurinmu karatun Lahadi zagaye ne na shekara uku, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, kuma abin da aka karanta a babban cocinmu na Sakkwato shi aka karanta a ko'ina a ranar. Amfaninsa, ba kai ke zaɓa ba. In an bar ni da son raina, Zabura 23 zan yi ta karantawa, ba zan taɓa leƙa inda aka ce in ƙaunaci maƙiyina ba. Sannan muna da zuwa gaban fada, wato firist, mu faɗi zunubi da baki. Na san ba duka kuka yarda da wannan ba, ban kawo don gardama ba. Amma abin da Tela ya yi a zauren nan ya yi kama da shi, shekara biyu yana riƙe da shaddar nan bai gani ba, sai da wani ya tambaye shi.

Maman Biyu:
Na dawo, na sauke tukunya. Na bi duk abin da aka rubuta.

Ni abin da ke ba ni kunya a garin nan shi ne maƙwabtana. Katanga ɗaya ta raba mu da wata Hajiya. Shekara tara, ban taɓa tashi da asuba ban ji muryarta tana tilawa ba, da sanyin hunturu da zafin bazara. Jikokinta ƙanana suna dawowa daga makarantar allo suna biya hadda a zaure. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma naciyarta ta sha tayar da ni daga kan katifa. Garin nan kuma ya san wannan tun da. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi ta ba jajis, wato mata malamai, suna kai wa matan ƙauye, 'yan taru, su haddace su koma su koyar. Mu ma a Zumuntar Mata da waƙa yawancin iyayenmu suka san Littafin, ba da takarda ba. Don haka Birkila, kakarka da ba ta san baƙi ba, ka tabbata ba ta da Maganar a ka?

Ga abin da ya sa na yarda da hadda. A watan Mayu na 2022, kwanakin da aka sa dokar hana fita a Sakkwato saboda tarzoma, kowa a zauren nan ya san abin da ya faru da halin da muka shiga. Muna kulle a ɗaki ni da 'yan biyuna, babansu yana hanya bai dawo ba. Ba na iya buɗe Littafi, hannuna rawa yake. Zuciyata cike da abin da ba zan iya rubutawa a nan ba. Sai ɗaya daga cikin yaran, shekararsa takwas a lokacin, ya ce Mama, mu ma in mun girma za mu rama ko?

Ban shirya amsa ba. Abin da ya fito daga bakina Romawa 12 ne, wanda muka haddace a zumunta shekara biyu kafin nan, ina gunaguni don ya yi tsawo. Kada a rama mugunta da mugunta, in mai yiwuwa ne a yi zaman lafiya da kowa, ramako na Ubangiji ne. Ina faɗa ina kuka, don a lokacin zuciyata ba ta yarda da abin da bakina ke faɗa ba. Bakin ne ya riga, zuciyar ta biyo daga baya, da kyar, a hankali.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jikar Hajiya ce da kwanon tuwo da jarkar ruwa, ta ce Hajiya ta ce kada mu fito, in akwai abin da muke so a buga katanga. Da na cika kunnen yarana da abin da ke raina da safe, da wane ido za su kalli yarinyar nan?

Ranar tashin hankali ba a koyon aya. Abin da ka zuba a rumbu da kaka shi za ka ɗiba.

Nas Mai Aikin Dare:
Maman Biyu, kin sa ni hawaye a wurin aiki. Allah ya raya miki su.

Ɗan Zuru Birkila:
Kakata kam waƙoƙin sujada ba wanda ba ta sani ba, tana daka tana yi. Ban taɓa lissafa shi a karatu ba. Zan yi tunani a kai. Amma maganar kuɗina tana nan.

Malamin Lahadi:
Tana nan, kuma bai kamata ta tsaya a zaure ba. Matiyu 18 ya ba da hanya, ka je kai kaɗai, ka riga ka yi. Mataki na biyu ka je da mutum ɗaya ko biyu. In ka yarda ni zan raka ka. Ka yi mini magana ta gefe.

Tela Mabera:
'Yan'uwa, kwana tara ke nan, na ga ya kamata in dawo in faɗi yadda aka yi.

Na kira matar a daren, kamar yadda Baba ya ce. Na gaya mata ban taɓa atamfar ba, kuma maganar wuta ƙarya na yi. Ta yi shiru, sannan ta faɗa mini maganganu masu zafi, kuma duk ta yi daidai. Da safe ta aiko ƙaninta ya karɓi kayan da kuɗin kafin alƙalami. Ta kai wa wani. Ba na jin za ta sake dawowa, kuma ita ce ke kawo mini matan gidansu.

Alhaji kuma na je har rumfarsa a babbar kasuwa da Littafin a hannuna, na nuna masa rigar, na ce shaddarsa ce, ina so in biya. Ya juya shi yana kallo, ya ce ɗinkin ya yi kyau, ya ce ya yafe duniya da lahira. Ya ƙi karɓar kuɗin. Na zazzage buhun ƙyallayen, waɗanda suka kai yadi ɗaya na gane masu guda bakwai, na mayar da biyar, biyu ban sami lambarsu ba tukuna.

Ba zan ɓoye ba, ran Alhamis na sake zamewa. Wani ya kira, kafin in ankara na ce ina kan nasa, alhali na wani ne a keke. Na ajiye wayar, na yi kamar minti goma, na sake kiransa na gyara. Abin ya zauna a harshena fiye da yadda na zata.

Na sayi littafin rubutu, duk wanda ya kawo ɗinki ina rubuta ranar da zan iya da gaske, in nuna masa. Mutum uku sun ga ranar ta yi nisa sun tafi da kayansu. Ga Kirsimeti na tahowa, ban san yadda lissafin kuɗin makarantar yara zai kasance ba, ku sa ni a addu'a.

Na karanta Afisawa a zama ɗaya kamar yadda ƙanena ɗalibi ya ce, kuma zan koma sura ukuna ranar Litinin, amma Zabura 15 na rubuta ta a kwali na manna a jikin keke.

Jiya wani mai bin kaya ya tsaya da babur a ƙofar shago ina ciki ina yanka. Yaron ya leƙo ya yi ƙasa da murya ya ce, Maigida, in ce ba ka nan? Ni na koya masa wannan. Na ce a'a, ce masa ya shigo.

Baba Mai Ritaya:
Ran Asabar da la'asar ina gida. Ka taho da yaron, in nuna muku Littafin tsohon.